Ƙodar Yaya Hure

Har yau idan na ji ana yabon wata da kunya sai raina ya ɓaci. Ba wai ban san darajarta ba ne, ai a cikinta aka raine ni. Amma na ga abin da ta ci mana, kuma tunda ni ba a taɓa yabona da ita ba a gidanmu, bari ni in faɗa.

Sunana Barira. Ƙauyenmu Gidan Mati, can bayan Ɗanbatta, inda gona take manne da gona, in ka yi tuntuɓe a taka sai ka faɗi a ta maƙwabci. Mu biyu ne muka rayu a cikin 'ya'yan da Innarmu Hure ta haifa, Yaya Sama'ilu da ni. Shi ne ɗan fari, kuma aka sa masa sunan kakanmu, Malam Sama'ilu, wato surukin Inna. Kunya biyu ke nan ta haɗu a kan mutum ɗaya. Ana yaye shi kakarmu Iya Kulu ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma har ta rasu. Ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. In dole ta kama sai ta ce "mai sunan Malam", ko "wancan yaron". In ya shigo tsakar gida sai ta tuna tana da aiki a madafi. Shi kuma da ya buɗi baki ya ji gwaggonninmu suna ce mata Yaya Hure, sai ya bi su, har ya yi gemu bai sauya ba. Ta haife shi da ƙuruciya, ga ta 'yar siririya, baƙo in ya gan su tare ba zai yi musun yayarsa ce ba.

Matan ƙauye kuwa kamar su goya ta don yabo. Gwaggo Mairo, ƙanwar marigayi babanmu, ita ce sarkin masu kirari. Duk amaryar da ta haihu sai ta ce mata ta je ta koyi zama a wurin Hure, wadda ba a taɓa ganinta da ɗanta a cinya ba. Ni dai na san wani abu da ba su sani ba. Duk ranar da aka dama fura, mai kaurin Inna take warewa a ƙwarya ta rufe da faifai, ta miƙo min ba tare da ta dube ni ba, ta ce in kai wa mutanen ɗakin Iya. Iya Kulu kuwa ba ta shan fura, tana sa mata ƙwarnafi.

Ciwon Yaya Sama'ilu ya taso ne a shekarar da aka canza kuɗi, man fetur ya haukace, masara ta gagari talaka. Da damina yana noman gero da gyaɗa, da rani ya tafi birni dako. Buhu a ka tun safe, ciki ba komai, sai ƙwayoyin ciwon jiki da masu talla suke ƙullawa a leda. Ƙafafunsa suka fara kumbura, fuska ta bi. Aka ce sammu ne, aka ce shawara ce, ya sha sassaƙe har ya gaji. Da muka kai shi wani asibiti a birni suka ce ƙodojinsa duka biyun sun daina aiki, sai dai inji ya riƙa wanke masa jini. Sa ya tafi, awaki suka bi shi, duk don wankin ƙoda da kuɗin mota.

Ana cikin haka wata ma'aikaciyar jinya ta kira mu ta ce wata ƙungiya ta gayyato likitoci daga waje, za su yi wa mutane kaɗan dashen ƙoda kyauta kafin su koma ƙasarsu, kuma an sa Yaya a cikin waɗanda ake dubawa. Ta zauna ta yi mana bayani. Ta ce dashe iri-iri ne. Wanda ya ƙone, a jikinsa ake ɗebo fata a lulluɓe masa ciwon, wannan ba rigima tunda nasa ne. Masu sikila ɓargo ake dasa musu. Tantanin ido sai daga wanda ya riga ya rasu. Ƙoda kuwa Allah ya ba kowa biyu, mai rai zai iya ba da ɗaya ya ci gaba da rayuwarsa. Sai dai jiki ba ya son baƙo, in ya ga naman da bai sani ba yaƙarsa yake yi. Don haka sai an duba rukunin jini tukuna, sannan a haɗa jinin mai bayarwa da na mara lafiya a ga ko za su zauna lafiya.

Yaya, da yake shi ne mai aurar da mangwaro a ƙauyenmu, nan da nan ya gane. Ya ce ai auren mangwaro ne, ba kowane reshe ne yake kamawa ba, ko da ka ɗaure shi da kyau.

Ni na fara miƙa hannu. Da sakamako ya fito suka ce jininmu bai haɗu ba. Yaya yana kwance da robobi a hannu amma sai da ya yi dariya, ya ce shi tun ina rarrafe ya san haka, ba sai an sa inji ba. Matarsa Asiya ta gwada, ita ma rukunin ya saɓa. 'Yan'uwan da suka ci geronsa shekara da shekaru kuwa, ranar kowa ya gano yana da ciwo. Wannan ulsa, wancan basir, wani ma ya ce malaminsa ya hana shi ganin jini a wannan watan. Allah ya isa ban ce ba, amma na rubuta su a zuciyata ɗaya bayan ɗaya.

Wata safiya na fito zan tafi tasha sai na tarar da Inna a zaure da mayafinta. Ta ce raka ni za ta yi, ta daɗe ba ta ga birni ba. A ɗakin gwaji ba wanda ya kira ta. Ta wuce ta zauna a kujera, ta janye mayafi ta miƙa hannu, tana kallon bango. Rukuninsu ɗaya da Yaya. Da aka haɗa jinin ya zauna lafiya lau. Aka auna zuciyarta, aka auna sukari, aka ɗauki hoton ciki, likita ya ce ƙodojinta kamar na budurwa. Na yi kuka a barandar asibitin nan don daɗi. Ita kuwa cewa ta yi in share fuskata, mutane suna kallo.

Saura abu ɗaya. Akwai kwamitin da yake tantance cewa mai bayarwa ɗan'uwa ne na jini, kuma don Allah zai bayar. A shekarun nan yunwa ta sa dillalai suna ɗebo mutane daga ƙauyuka, a koya musu su ce ƙane ne ko ƙanwa, a sayi ƙodarsu. Don haka ɗaiɗai ake shiga, ba a yarda da ɗan rakiya. Tun a mota na ja kunnen Inna. Na ce mata ranar wanka ba a ɓoyon cibi, duk abin da suka tambaya ta faɗa kai tsaye. Ta ce ta ji.

Ba ta daɗe a ciki ba ta fito, ta nemi gefen bango ta zauna a ƙasa. Aka tura Yaya a keke, shi ma ya fito. Can sai aka kira ni ofishin shugabar kwamitin, Dakta Luba, wata doguwar mace mai tabarau. Ta ce sun dakatar da maganar. Na ce a kan me? Sai ta kwashe yadda aka yi ta faɗa min.

Sun tambayi Inna sunan mara lafiyan, ta ce mai sunan Malam. Suka ce sunansa na yanka suke nufi, ta ja mayafi ta rufe baki. Ɗakin cike da maza, har da wani dattijon malami mai farin gemu a gefen tebur. Suka ce ɗanki ne? Ta ce yaron gidansu ne. Suka ce 'ya'yanki nawa a raye? Ta ce ɗaya, Barira. Haka matanmu suke ƙirga, ɗan fari ba ya shiga lissafi, ko a gaban mai ƙidaya. Da Yaya ya shiga, kansa a juye saboda bai daɗe da sauka daga inji ba, suka ce wace ce matar nan da ta fita? Ya ce Yaya Hure. Suka ce wa ta raine ka? Ya ce Iya Kulu. Da ya ga sun kalli juna sai ya ƙara da cewa ai ita ma Yaya Hure uwa ce. Wannan "ita ma" ɗin ita ta ƙarasa ɓata lamarin.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce, "Likita, ke ba Bahaushiya ba ce? Kakarki ba ta yi kunyar ɗan fari ba? Ko tabarau ɗin ne ya hana ki ganin kamanninsu?"

Ba ta yi fushi ba, kuma wannan ya ƙara ƙona min rai. Ta ce ta san al'adar sarai, malamin nan ma ya tayar da maganar. Amma dillalai ma sun san ta. An taɓa kawo musu wata mata da ta yi ta sunkuyar da kai, aka ce kunyar ɗan fari ce, suka yarda, aka yi aiki. Daga baya ta dawo tana kuka, ashe ko garinsu ba ɗaya ba ne da mara lafiyan. Akwai gwajin da yake tabbatar da uwa da ɗa, amma nesa ake aika shi, kafin ya dawo baƙin likitocin sun tafi. Ta ce, "Ki kawo mai unguwarku ya yi shaida, ita kuma ta faɗa da bakinta. Za mu sake zama. Amma ban yi miki alkawarin gurbin zai jira ku ba."

A mota ban ce wa Inna uffan ba, don na san in na buɗe baki direba sai ya sauke mu. Muna isa gida ta ɗauko tabarma ta zauna ɓarar gyaɗa kamar daga biki muka dawo. Nan na fashe. Na ce mata ta yarda a tsaga cikinta da wuƙa amma ba ta yarda ta buɗe baki ba. Na ce Malam Sama'ilu ya daɗe a kabari, ba zai taso ya ci ta tara ba. Na ce Gwaggo Mairo da ƙawayenta da suke mata kirari, wa ya ga ƙeyarsu a ɗakin gwaji? Na faɗi abubuwan da ba a faɗa wa uwa, kuma ban janye ko ɗaya ba. Asiya ta fito tana ba ni haƙuri, na ce ta koma ɗaki.

Inna ba ta ɗago ba. Hannunta ne kawai ya tsaya a kan gyaɗar. Ta ce, "Na buɗe bakin, Barira. Wallahi na buɗe. Harshen ne bai san hanyar ba."

Washegari da hantsi na neme ta na rasa. Na bi ta bayan gida na shiga gonar dawa, lokacin ta fi mutum tsayi. Can wajen kukar da take kan iyakarmu na jiyo murya ƙasa-ƙasa. Na tsaya. Inna ce a tsugune, ta ba hanya baya, tana cewa "Sama... Sama..." sai ta yi shiru, ta share baki da gefen zani, ta sake farawa kamar 'yar makarantar allo da aka ba sabon karatu. Mace mai jikoki, a ɓoye cikin dawa tana koyon sunan ɗan da ta haifa. Tausayinta ya kama ni, amma haushi ya fi yawa, kuma a lokacin ban ma san wa nake jin haushi ba. Na juya a hankali don kada ta san na gan ta.

Mai unguwa ya tafi ta'aziyya Bici, sai da muka jira shi. Da ya dawo motoci sun yi layi a gidan mai, tasha fayau. Ranar da muka samu mota kwamiti ba ya zama. Haka aka yi ta jan mu, Yaya kuma yana can yana ƙara kumbura.

Ranar da aka sake zama, mai unguwa ya yi shaidarsa ya fito, Inna ta shiga. Na manna kunne a ƙofa, mai gadi ya yi magana na harare shi ya ƙyale ni. Ba su ma gama tambaya ba na ji muryarta, tana rawa amma a fili.

"Sunansa Sama'ilu. Ɗana ne, ni na haife shi."

Suka amince, kowa ya sa hannu. Sannan Dakta Luba ta fito ta same ni, ta cire tabarau tana goge shi. Ta ce baƙin likitocin ba su iya jira ba, an ba wata yarinya gurbin, babanta ne ya ba ta, an ma riga an yi aikin. Sun tafi, sai baɗi in Allah ya kai mu. Amincewar kwamiti tana nan, in muna da hali za a iya yi mana a biya. Mu da muka sayar da akuyar ƙarshe, wane hali? Ban zage ta ba. Yarinyar nan ma 'yar wani ce, na gan ta a ɗakin wanki, ba ta fi kara kauri ba. Wannan shi ya fi ci min rai, a yi maka ɓarna irin wannan ka rasa wuyan rigar da za ka kama.

Inna ta wuce kai tsaye ɗakin da Yaya yake kwance, ita da kullum a bakin ƙofa take tsayawa ta tambaye ni ya mai jiki. Ta je har bakin gado. Idonsa a rufe, inji yana ta juya jini. Ta ce, "Sama'ilu."

Ya buɗe ido ya kalli ƙofa, ya kalli gadon kusa, sannan ya kalle ni. Ya ce, "Wa yake kirana?"

Bai san sunansa da wannan muryar ba. Inna ta ce ita ce. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Na'am, Yaya."

Ta ce, "Ni ba yayarka ba ce."

Sai ya juyar da fuska wajen bango, yana murmushi, kunya ta kama shi kamar ƙaramin yaro. Ta zauna a bakin gadon ta kama ƙafarsa mai kumburi ta ɗora a cinyarta, a gaban ma'aikata da masu jinya da kowa. Ni na fita waje, don ba zan iya kallo ba.

Bai kai baɗin ba. Wankin da ya kamata a yi a kai a kai ya koma sai an samu, daga baya ya koma sai an roƙa. Mun girbe gero, mun cire gyaɗa, duk suka tafi a mota zuwa birni. Kafin ruwan farko ya sauka Yaya ya rasu a ɗakin Iya Kulu, inda ya girma, kansa a kan ƙafar Inna.

Ranar sadakar uku tsakar gida ta cika da mata. Masu ulsa da masu basir duk sun warke, suna waje a kan tabarmi suna karɓar gaisuwa. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, ido a bushe, don uwa ba ta yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane. Gwaggo Mairo ta gyara zama ta fara abin da ta saba. Ta ce wa matan su dubi Hure su ga mace. Ta ce labari ya zo mata cewa har a gaban likitocin birni, ana tsare ta da tambaya, Hure ba ta kama sunan marigayin ba. Irin wannan kunya, in ji ta, an daina haihuwar masu ita. Mata suka yi ta gyaɗa kai suna cewa Allah ya yi albarka.

Na ajiye ƙwaryar gumbar da take hannuna, na yunƙura. Ranar na yi niyyar Gwaggo Mairo sai ta bar gidan nan ba mayafi. Amma Inna ta riga ni.

"Wane ne marigayin, Mairo?" Ba ta ɗaga murya ba, amma har na bakin zaure sun ji. "Yana da suna. Sunansa Sama'ilu. Sama'ilu ɗana, na fari, wanda na haifa a ɗakin can ranar Litinin. Kunyar da kike yabo ga ta nan na riƙe muku, ba ta yi ko ƙwarzane ba. Ƙodar ma ga ta nan, duka biyun suna cikina. Ki faɗa min wadda zan yi amfani da ita."

Ɗaya bayan ɗaya matan suka ja mayafi suka sunkuyar da kai, ba don sun gane ba, kunya suke ji a madadinta. Wata tsohuwa a bayana ta yi raɗa cewa baƙin ciki ya taɓa Hure, a yi mata addu'a.

Inna ta dube ni ta ce in ɗauko gumbar in ci gaba da rabo, kuma duk wadda na miƙa wa in gaya mata sadakar wa ce. Na ɗauki ƙwaryar na fara da Gwaggo Mairo. Na tsaya a kanta, na ce sadakar Sama'ilu ce, ɗan Hure, kuma ban matsa ba sai da ta miƙo hannu ta karɓa.